Majina, kaki ko ruwan huhu: me za a ɗauka daga yaro mai ciwon ƙirji?

Assalamu alaikum. 'Yan'uwana likitoci, ma'aikatan jinya da na ɗakin gwaje-gwaje, sannunku da zuwa.

An kawo jariri ɗan wata biyar, numfashi sama-sama, ƙirji na lotsawa, ya ƙi kama nono. Muna zargin bairos. Daga ina za mu ɗebo abin gwaji?

Cutar tana can ƙasa cikin huhu, amma ƙaramin yaro ba ya tofar da kaki, in ya taso haɗiyewa yake yi. Sauƙin da Allah Ya kawo shi ne, ƙwayoyin nan ta hanci suke shiga, a bayan hanci suke fara hayayyafa kafin su gangara. Haka bairos ɗin da ake kira RSV yake, haka infuluwenza, haka wani bairos mai suna hMPV da aka gano a Holan a 2001. Yara kuma sun fi manya fitar da ƙwayar da yawa, sun fi su daɗewa suna fitarwa. RSV ɗin nan ba abin rainawa ba ne: a 2019 ya jawo ciwon ƙirji kusan sau miliyan 33 a 'yan ƙasa da shekara biyar a faɗin duniya, sama da yara 100,000 suka rasu.

A da, zuƙar majina ake yi. A zura siririn bututu ta hanci, a haɗa da injin zuƙa, a jawo. Akwai dalili: gwaje-gwajen wancan lokaci, na duba ƙwayoyin jiki a madubin likita da na rainon bairos, suna buƙatar samfuri mai yawa. Duk wanda ya taɓa riƙe yaro ana yi masa wannan ya san irin kukan, ya san yadda uwa take kau da kai. Ga tari da feshin da ke tashi har fuskar mai ɗauka. Da PCR ya zo, wato gwajin da ke gano bairos ta ƙwayoyin halittarsa, lissafi ya canza, domin shi ƙwaya kaɗan ta ishe shi. Tsinke mai kan gashin nailan, in an iya shigar da shi, yana ba da sakamako kusan daidai da na zuƙa. Ni a ganina, matuƙar PCR za a yi, babu hujjar wahalar da yawancin yara da bututu.

Amma ku lura, na ce in an iya shigarwa. Nan ne ake yawan ɓata aiki. Mutum ya riƙe tsinke ya nufi sama, wajen ido, saboda yana ganin hanci sama ya nufa. A'a. Hanyar a kwance take, ta bi saman ganɗa ta nufi wajen kunne. A naɗe jariri a zane, mataimaki ya tallabe kai, ka tura a hankali har ka ji ya tokare, ka dakata 'yan daƙiƙu, ka murza, ka zaro. Kada ka tura da ƙarfi. In yaro na da matsalar zubar jini ko rauni a gindin ƙoƙon kai, a tsaya a tsakiyar hanci ko bakinsa. Kuma a ɗauka da wuri, cikin kwana uku zuwa huɗu da fara ciwo, lokacin da ƙwayar ta fi yawa.

Maƙogwaro shi kaɗai bai kai hanci ba wajen kama RSV, sai dai a haɗa su a kwalba ɗaya. Murar tsuntsaye ta H5N1 ce ta bambanta, ita an fi samunta a maƙogwaro da can ƙasa. Miyau yana da sauƙin samu, amma gwajin gaggawa na minti goma sha biyar ba ya jure samfuri mai rauni; abin da aka rubuta a kwalinsa shi za a bi.

To, a tilasta kaki ya fito mana, da turaren ruwan gishiri? Binciken PERCH, wanda aka yi kan abin da ke jawo nimoniya a yara, ya duba wannan a ƙasashe bakwai: Gambiya, Mali, Kenya, Zambiya, Afirka ta Kudu, Bangaladash da Tailan. A rahotonsa na 2019, bairos ne sanadin kusan kashi 61 cikin 100 na nimoniya mai tsanani, RSV kaɗai kusan kashi 31. Kakin da aka tilasta bai ƙara wani abin kirki a kan samfurin hanci da maƙogwaro ba. In tarin fuka ake nema, wannan magana ce daban.

Binciken ya nuna wani abu da nake so ya zauna muku. Sun gwada yara masu lafiya ma, sai ga bairos ɗin mura ta yau da kullum a hancinsu kusan yadda yake a na marasa lafiya. RSV kuwa da wuya a same shi a lafiyayye. Saboda haka in takarda ta dawo da RSV, ka yarda da ita. In ƙwayar mura ce, yaro kuma na cikin mawuyacin hali, kada ka yi saurin janye maganin bakteriya.

Yaushe za a gangara ƙasa? Yaron da ke kan na'urar numfashi, bututu na nan riga, a zuƙo daga ciki. An sha ganin infuluwenza ta ɓace a hanci tana nan a huhu. Wankin huhu kuwa, wato a zuba ruwan gishiri cikin huhu ta bututu a sake zuƙo shi, a ajiye shi ga mai raunin garkuwar jiki, ko wanda aka yi ta magani bai samu sauƙi ba, inda sakamakon zai sauya abin da za a ba shi.

Saura ajiya. Ban da tsinke mai sandar itace, yana iya hana PCR aiki. A sa samfuri nan take cikin ruwan ajiyarsa, a rubuta suna da lokaci, a saka a firiji tsakanin digiri 2 zuwa 8. In zai wuce awa 72 ba a gwada ba, a daskarar da shi a digiri 70 ƙasa da sifiri.

Mai tambaya ya ɗaga hannu.