Amsoshin Tambayoyinku: Rana Mace, Wata Namiji, Wa Ya Raba Musu?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙu biyu muka ware yau, kuma duk a kan harshe suke.

Ta farko daga wata malamar firamare ce a Maraɗi. Ta ce: "Ɗalibaina sun ƙure ni. Mu muna cewa rana ta fito, wata ya fito, amma a Faransanci rana ce namiji, wata kuma mace. Wa ke da gaskiya?"

Malama, ba mai gaskiya, ba mai ƙarya. Larabci na tare da mu, shamsu mace, ƙamar namiji, haka ma Jamusanci. Faransanci ne ya juya abin. Barebari da Yarabawa kuwa ba ruwansu, kalma ɗaya ke tsaya musu a madadin "shi" da "ita". Ko a cikin gida, ki saurari mutumin Zariya ko Bauci, za ki ji "rigan sarki" inda Bakano zai ce "rigar sarki", kuma ba wanda ya taɓa cewa Bazazzagi bai san mace da namiji ba. Yawancin sunayen da suka ƙare da "a" mata ne a Hausa; wata dai ɗan tawaye ne, shi da gida da ruwa da nama. Ki gaya wa yaran gado ne kowane harshe ya tarar.

Ta biyu daga wani ɗalibi a Jami'ar Bayero ta Kano: "Na ji an ce harshe ne ke tsara tunanin mutum, abin da babu a harshenka ba za ka iya tunaninsa ba. Haka ne?"

To ɗan'uwa, ka taɓo babba. Ana jingina maganar ga Amurkawa biyu, Edward Sapir da almajirinsa Benjamin Lee Whorf, wanda ya rasu a 1941. Shi Whorf aikinsa na cin abinci a kamfanin inshora yake, yana binciken musabbabin gobara. Ya lura ma'aikata na kaffa-kaffa da gangunan da ke cike da fetur, amma kusa da waɗanda aka ce "ba komai ciki" sai su kunna sigari hankali kwance, alhali tururin da ya rage a ciki ya fi saurin tashi. Kalma ta kwantar musu da hankali, wuta ta tashi.

Amma cewa harshe kurkuku ne, yawancin masana sun yi watsi da shi, ni ma ban yarda ba. Dubi "ji". Na ji ƙara, na ji wari, na ji zaƙi, na ji zafi, ina jin Larabci. Kalma ɗaya, amma ka taɓa ganin Bahaushen da ya kai kunne bakin tukunya don ya san ko gishiri ya ji?

Inda maganar ke da ƙamshin gaskiya shi ne, kowane harshe na da abin da yake tilasta maka ka lura da shi duk sanda ka buɗe baki. Namu shi ne wannan 'yar "o" ta ƙarshen aikatau: fita da fito, shiga da shigo, aika da aiko, kai da kawo. Uwa na cikin ɗaki, hadari ya haɗo, sai ta ce wa yaro "shigo". Da a tsakar gida take tana kwashe shanya, "shiga" za ta ce. Ba ta tsaya lissafi ba, amma sai da ta san inda take tsaye kafin kalmar ta fito. In ka ce "sayo min goro", ka haɗa tafiya da saye da dawowa a harafi guda. F. W. Parsons, Baturen Ingila da ya raba aikatau na Hausa gida bakwai a 1960, ya sa masu ƙarewa da "o" ɗin nan a gida na shida.

Akwai waɗanda nasu ya fi namu tsauri. Mutanen Guugu Yimithirr a arewacin Queensland ta Ostareliya, waɗanda daga bakinsu aka samo sunan kangaru, ba sa kwatance da dama da hagu. Sai dai a ce maka akwai tururuwa a kudu da ƙafarka. Saboda haka ko a baƙon wuri da wuya gabas ta ɓace musu. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu: tambayi dattijon ƙauye gidan wane, zai ce gabas da masallaci, arewa da rijiya, mai salla sau biyar kuwa dole ya riƙe gabas a ka.

Wani lokacin kuma harshen rufa mana asiri yake. Mutum ya makara, sai ya ce mota ta bar shi. Ga shi ni ma zan ce lokaci ya tafi ya bar mu, alhali ni na cika surutu. Wasiƙar da ta zo daga Kumasi kan karin magana, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.