Sharhi: Monique Wittig da Rigimarta da Nahawun Faransanci

Jama'a masu sauraro, sharhinmu na yau ya waiwayi Monique Wittig, marubuciyar ƙagaggun labarai 'yar ƙasar Faransa, wadda aka haifa a shekarar 1935 a yankin Alsace, ta kuma rasu a watan Janairun 2003 a birnin Tucson na jihar Arizona a Amurka. An san ta da fafutukar kare 'yancin mata, kuma ba ta taɓa ɓoye cewa ita 'yar maɗigo ce ba, hasali ma a kan wannan matsayi ta gina mafi yawan tunaninta. Sai dai abin da ya bambanta ta da sauran tsararrakinta shi ne fagen da ta zaɓa ta ja daga, wato cikin nahawu, a kan ƙananan kalmomin nan da ake kira wakilin suna.

Mai jin Hausa zai so a yi masa bayani a nan. Mu idan muka ce "su", ba ruwanmu da ko maza ne ko mata. Bafaranshe kuwa yana da kalma biyu, "ils" ta maza da "elles" ta mata, kuma ƙa'idar ita ce idan mata ɗari suka taru, namiji guda ya shigo cikinsu, to nan take sai a kira taron duka da kalmar maza. Wittig ta ɗauki wannan ƙa'ida a matsayin shaidar yadda harshe ke mayar da namiji ma'aunin ɗan Adam. Saboda haka a littafinta Les Guérillères na 1969, labarin wasu mayaƙa mata, ta cika shafuka da "elles" har kalmar ta mamaye duniyar littafin baki ɗaya. Da aka fassara shi zuwa Turanci, mai fassarar ya mayar da kalmar "matan", abin da ya ɓata mata rai, domin kuwa kalmar "mace" ɗin ce take ƙoƙarin kauce wa tun farko.

Tun kafin nan ta riga ta yi suna. Littafinta na farko, L'Opoponax, wanda ke bin rayuwar wata yarinya a makarantar 'yan Katolika, ya ci kyautar adabi ta Médicis a 1964.

Ba a takarda kaɗai ta tsaya ba. A ranar 26 ga Agustan 1970 tana cikin mata kusan goma da suka nufi kabarin sojan da ba a san sunansa ba a birnin Paris, ɗauke da furanni, suna cewa sun kawo wa matar sojan ne, wadda ta fi mijinta zama a ɓoye. 'Yan sanda suka yi awon gaba da su, jaridu kuma suka ɗauki ranar a matsayin mafarin gwagwarmayar matan Faransa ta zamani.

Tafiyar ba ta ɗore lami lafiya ba. Ta koma Amurka a 1976, kuma a wani jawabi da ta gabatar a New York a 1978 ta furta maganar da har yau ake ja-in-ja a kanta, cewa 'yan maɗigo ba mata ba ne. Nufinta shi ne "mace" matsayi ne da ake ayyanawa ta fuskar dangantaka da namiji, don haka wadda ta fita daga wannan dangantaka ta fita daga matsayin. A ganina wannan magana ta fi ƙarfi a matsayin tsokana fiye da hujja, kuma tana daga cikin abubuwan da suka raba kan abokan gwagwarmayarta, har mujallarsu ta Questions féministes ta wargaje. Ita kuwa ta ci gaba da koyarwa a Jami'ar Arizona har ƙarshen rayuwarta, aka binne ta a maƙabartar Père Lachaise da ke Paris.