Masu Kiwon Mesa da Kunkuru a Legas da Maganar Dokar Hani

Assalamu alaikum. Dattawa, malamai da 'yan'uwa da kuka zo daga Agege da Idi-Araba, ina godiya. Abubuwa uku zan faɗa game da maganar da ake yi ta kafa dokar hana ajiye dabbobi masu jan ciki a gidaje.

Na farko, mu masu kiwo ba mu ƙin doka, domin dokar ta riga mu. Nijeriya tana cikin yarjejeniyar CITES, wato ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, da aka ƙulla a 1973, kuma tun 1985 muna da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016. Duk wanda yake fataucin kada ko damo ta ɓarauniyar hanya, ba namu ba ne.

Na biyu, kuma shi ne ya fi damuna: idan aka wayi gari aka ce an haramta, ina dabbobin da ke hannun mutane za su je? Ku dubi jihar Fulorida ta Amurka. Mesar ƙasar Bama ta nahiyar Asiya, wadda aka riƙa shigowa da ita ana sayarwa masu kiwo, ta sami hanyar shiga fadamar Everglades, wasu sun kuɓuce, wasu kuma masu su ne suka sake su da suka ga sun yi musu girma, har ta hayayyafa ta cinye zomaye da sauran ƙananan namun dajin wurin. Alhaji, ka ga abin da nake nufi? Mutumin da ya ji tsoron tara ba zai kai mesarsa ofis ba, cikin dare zai kai ta bakin ruwa. Mu kuwa ruwa ne ya kewaye mu, ga zafi, ga fadamun Lekki da Epe. Zan maimaita, cikin dare zai kai ta. Shi ya sa a 2021, da Fulorida ta tsaurara dokarta, ta bar waɗanda suka riga suka mallaki wasu nau'o'in ƙadangaru su ci gaba da riƙe su, bisa sharaɗin lasisi da sanya musu 'yar na'urar shaida a jiki, kuma tana da shirin karɓar dabba daga wanda ya gaji da ita ba tare da hukunci ba. Rajista, duba keji, da wurin miƙa dabba: wannan muke roƙon hukuma.

Sai tsabta. Kunkuru yana ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, don haka a wanke hannu, a nisanta shi da jarirai.

Na'am, Malam? Yana tambaya ne game da macizai masu dafi. Malam, a nan kam ina tare da masu neman hani. Maganin dafi ana haɗa shi ne daidai da nau'in maciji. Wanda ake amfani da shi a asibitin Kaltungo ta jihar Gombe an yi shi ne domin kububuwa da kasa da kumurcin ƙasarmu. Idan macijin Asiya ya sari yaron maƙwabci a gidan haya a Agege, wannan maganin ba zai yi masa aiki ba, kuma ni ba zan tsaya gaban hukuma in kare mai wannan kejin ba.