Sharhi: Ma'aikacin da sinadari ya ƙone, diyyarsa haƙƙi ce

Jama'a masu sauraro, a nan Kaduna, a masana'antun Kakuri da Kudandan, da rumfunan masu gyaran batir a Panteka, da gidajen da ake dafa sabulu da soda, da wuraren gini inda lebura ke tsaye cikin kwaɓaɓɓen siminti babu takalmin roba, mutane na ƙonewa ba tare da wuta ba. Abin da ke biyo baya kuwa kusan kullum ɗaya ne. A shafa wa yaro manja, maigida ya ciro 'yan kuɗi ya ce a sayi magani, a ce ƙaddara ce, a koma bakin aiki.

Manja! Wasu ma ƙwai ko man goge baki. Duk waɗannan rufe sinadarin suke yi a kan fata, ya ci gaba da ci. Ruwa ake so, mai yawa, mai gudana, aƙalla minti 20, bayan an cire rigar da ta jiƙe da agogo da zobe. In gari ne, kamar busasshiyar soda ko siminti, a fara kakkaɓe shi kafin a zuba ruwa. Soda da siminti sun fi mugunta, domin suna narkar da kitsen fata su nutsa ciki, kuma sau da yawa ba sa zafi da farko, sai mutum ya ga fatarsa tana santsi ya ɗauka ba komai. Irin wannan a daɗe ana wankewa, ko da awa guda. In ido ne, a buɗe shi a zuba ruwan daga gefen hanci zuwa waje, kada ya gangara cikin ɗaya idon. Daga nan sai asibiti, tare da sunan sinadarin ko hoton mazubinsa.

To, mu dawo kan 'yan kuɗin maganin nan, domin nan ake cutar bayin Allah. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta shekarar 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun hukumar NSITF, mai kula da inshorar ma'aikata ta ƙasa, daga aljihunsa, ba daga albashinsu ba. Daga wannan asusun ake biyan magani da diyya. Wanda ya nakasa gaba ɗaya har abada, doka ta yanka masa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Haƙƙi ne, ba alfarma ba ce.

Sai ka ji maigida na cewa ai ɗan aikin yini ne, babu takarda tsakaninsu. Wannan zance bai da tushe. Dokar ta ambaci na wucin gadi, da mai koyon sana'a, da wanda aka ɗauka da baki. Wani kuma ya kawo takarda ya ce ka sa hannu ka yafe. Dokar ta ce irin wannan yarjejeniya banza ce. Ƙaddara kuwa mun yi imani da ita, amma wace ƙaddara ce ta hana sayen safar hannu da tabarau da kafa famfo kusa da inda ake zuba asid?

Abin da ke kashe haƙƙin shi ne lokaci. Ma'aikaci na da kwana 14 ya sanar da maigidansa, shi kuma maigida kwana 7 ya kai rahoto hukumar, sannan a shigar da neman diyya cikin shekara 1. Lallashi da "ka bari ka warke tukuna" su ke cinye wannan wa'adi. Shin hukumar na biya da saurin da ya kamata? Akwai ƙorafi, ba mu musanta ba. Amma wanda bai shigar da takarda ba ai ko layin bai hau ba.

Saboda haka a sanar a rubuce, a riƙe kwafi. A ɗauki hoton raunin tun ranar farko, a adana katin asibiti da rasit, a rubuta sunayen waɗanda suka ga abin. In maigida ya ƙi kai rahoto, ma'aikaci ya je ofishin NSITF na Kaduna da kansa ko ta hannun ƙungiyarsa, in ta kama kuma a garzaya kotun ma'aikata ta ƙasa, wadda ke da reshe a nan Kaduna.