Harajin gado a Amurka: jihohi ma suna da nasu kason

Jama'a masu sauraro, a 2025 gwamnatin tarayyar Amurka ba ta karɓar haraji daga dukiyar mamaci sai ta haura dala miliyan 13.99. Wanda ya ji wannan adadi zai ce ai maganar attajirai ce, ba ruwansa. To amma jihohi ma suna da nasu dokokin, kuma a nan ne talaka mai gida ɗaya yake shiga ciki bai sani ba.

Harajin jihohin nau'i biyu ne. Na farko ana cire shi daga dukiyar gaba ɗaya kafin a raba, kuma jihohi 12 da birnin tarayya ne ke karɓarsa. A Oregon, da zarar dukiya ta wuce dala miliyan 1, an shiga. Gida a Portland, kuɗin fansho da inshorar rai, in aka haɗa su, ma'aikacin asibiti ma yana iya kaiwa. A Massachusetts iyakar dala miliyan 2 ce tun 2023. New York kuwa tata ta fi ban mamaki: iyakarta a 2024 dala miliyan 6.94 ce, amma in dukiya ta zarce ta da fiye da kashi 5 cikin ɗari, rangwamen ya tafi gaba ɗaya, sai a lissafa harajin tun daga dalar farko. Ƴar ƙaramar riba a hannun jari tana iya jawo wa iyali asarar ɗaruruwan dubban daloli.

Na biyu shi ne wanda ya fi shafar ƴan'uwanmu mazauna can, domin magaji ne ke biya, kuma dangantakarsa da mamaci ce ke yanke masa adadin. A Pennsylvania mata ko miji ba sa biyan komai, ƴaƴa da iyaye kashi 4.5 cikin ɗari, ɗan'uwa ko ƴar'uwa kashi 12, wanda ba dangi na kusa ba kashi 15. Musulmin da ya rubuta wasiyya a raba dukiyarsa bisa shari'a, in bai bar ɗa namiji ko mahaifi ba, ƙannensa da yayyensa za su samu rabo, sai dai a Filadelfiya, babban birni a Pennsylvania, kashi 12 za a yanke musu. In kuma bai bar wasiyya ba, dokar jihar ce za ta raba, ba ruwanta da fara'id. Maryland ita kaɗai ce ke karɓar nau'in biyu, Iowa ta daina karɓa daga 2025, Texas da Florida kuwa ba su da ko ɗaya.

Shi ya sa wasu ke ƙaura a tsufansu, ko su riƙa yi wa ƴaƴa kyauta tun suna raye. Ƙaura dai ba ta ceton gida: jihar da gida yake ita ke karɓar harajinsa, ko da mai shi ya rasu a Houston ta jihar Texas.

Ɗan kasuwar Kano ko Maraɗi da ya sayi gida ko hannun jari a Amurka, alhali ba ɗan ƙasa ba ne kuma ba mazauni ba, rangwamensa a tarayya dala 60,000 ne kacal, abin da ya haura kuma harajinsa yana iya kaiwa kashi 40 cikin ɗari.