Zaren roba mai haɗewa da zafi, da yadda yake hana saƙa warwarewa

Assalamu alaikum, masu kallo. Ga ƙyallaye biyu a kan wannan tebur, dukansu an yanko su ne daga rigunan ciki irin waɗanda ake samu wajen ƴan gwanjo a babbar kasuwar Maradi. Ku lura da na farko. Da aka ja bakin da almakashi ya bi, sai ya nannaɗe, zare ya fara zamewa, wata ƴar hanya ta tsage ta gangara ƙasa kamar tsani. Na biyun kuwa an ja shi da ƙarfin da ya fi haka, ya miƙe, ya koma yadda yake, bakinsa yana kwance sumul ba tare da an kalmasa shi ba. A ido kusan iri ɗaya ne, amma a cikin na biyun akwai wani siririn zaren roba wanda zafi yake haɗe shi da ɗan'uwansa, kuma shi ne abin da za mu yi bayani a kansa yau.

Kafin a gane amfanin wannan zare, sai an fara gane yadda saƙar kanta take. A Hausa kalma ɗaya muke amfani da ita, wato saƙa, alhali kuwa iri biyu ce. Akwai ta masaƙa, inda zaren tsaye da zaren kwance suke gittawa juna, kamar yadda ake yin atamfa da shadda. Akwai kuma irin wadda iyayenmu mata suke yi da allura da ulu idan hunturu ya gabato, suna saƙa wa jarirai hula da safa, wadda zare ɗaya ne yake tafiya yana yin madauki, kowane madauki yana rataye a wuyan wanda ke ƙasansa. Singileti da safa da rigar ƙwallo duk wannan saƙa ta biyu ce, sai dai inji ne yake yin ta da allurai masu ɗimbin yawa. Madaukan nan su ne suke ba tufa laushi da miƙewa, kuma su ne rauninta, domin idan ɗaya ya tsinke, wanda yake riƙe da shi ya rasa mariƙi, shi ma ya saki na gaba, har ɓarakar ta kai ƙarshen layi.

Zaren roban da ake sakawa a tufafi ba sabon abu ba ne. Wani masanin haɗa sinadarai mai suna Joseph Shivers ne ya samar da shi a kamfanin DuPont na Amurka a shekarar 1958, aka riƙa sayar da shi da sunan Lycra. Da sinadarin foliyuretan, wani nau'in roba, ake yin sa, kuma yana iya miƙewa ya ninka tsawonsa sau biyar ko fiye, ya dawo. To amma na yau da kullum yana kwance ne kawai a gefen zaren auduga ko na nailan, yana matse tufar, ba ya ɗaure komai. Idan madauki ya saki, shi ma binsa yake yi.

Dabarar da masana'antu suka fito da ita ita ce su yi zaren roba wanda yake yin laushi ya yi danƙo a zafin da bai kai ya cutar da sauran zaren ba. Hanya biyu aka fi bi. Wasu suna yin zaren gaba ɗayansa da foliyuretan mai saurin laushi. Wasu kuma suna yi masa ciki da riga: cikin yana jure zafi, shi ke riƙe da ƙarfin miƙewa, rigar da ta lulluɓe shi kuma ita ce mai narkewa. Kamfanin Nisshinbo na Japan yana yin irin wannan zare a cikin jerin zarensa mai suna Mobilon, akwai kuma wanda ake kira Lycra Fusion, da aka yi musamman domin dogayen safar mata masu shara-shara.

Yanzu ga yadda ake yin aikin. Lokacin saƙa, inji yana shigar da zaren roban tare da babban zaren a allura ɗaya, yana ɗan miƙe, ta yadda duk inda babban zaren ya yi madauki shi ma zai yi. Wajibi ne ya shiga kowane layi, domin idan aka tsallake layi guda, roban sama ba zai taɓa na ƙasa ba, kuma nan ne ɓaraka za ta samu hanya. Bayan an gama sai a kai tufar inda za a gasa ta da zafi. Yadi mai faɗi ana ɗaure gefunansa ne a bi da shi ta cikin dogon ɗaki mai iska mai zafi, safa kuwa ana zura ta a wani ƙarfe mai siffar ƙafa a turara ta da tururi. A duk inda roba ya gitta roba, wurin yana yin laushi ya manne, idan ya huce ya zama ƙulli. Ƙullin ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, amma suna ko'ina a jikin tufar kamar ragar kamun kifi, shi ya sa madaukin da ya tsinke ba ya iya jan maƙwabcinsa.

Wurin da aikin yake da wuya shi ne daidaita zafin. Auduga ba ta narkewa, nailan da aka fi yin safa da shi yana narkewa ne a wajen digiri 220 zuwa 260 a ma'aunin Celsius gwargwadon irinsa, saboda haka akwai tazarar da za a yi aiki a cikinta. Idan zafin ya gaza, ƙullin ba zai kama ba. Idan ya wuce kima, roban zai sirance ya rasa ƙarfinsa, tufar ta saki jiki, wani lokaci farar ta koma ruwan ɗorawa.

A ganina, telolinmu su ne suka fi buƙatar sanin wannan. Yadin da aka yi haka ana iya yanka shi a bar bakin yadda yake, ba kalmasa, ba ɗinki mai kauri da zai riƙa gurzar fata, kuma duk wanda ya san zafin Maradi a watan Afrilu ya san darajar rigar cikin da ba ta cin jiki. Sai dai ba kowane yadi mai miƙewa ne yake da wannan zare ba, kuma mai sayarwa da wuya ya iya bambancewa. Don haka, malam tela, kafin ka sa almakashi a yadin mutane, ka yanki ɗan ƙyalle daga gefe, ka ja bakinsa da kyau ta kowane ɓangare, ka wanke shi, ka sake ja.

Wajen wanki kuma a guji ruwan jabel, wanda wasu ke kira bilic, domin sinadarin da ke cikinsa yana cin foliyuretan. Kada a shanya tufar a tsakar rana ta wuni, kuma idan za a yi guga, musamman da dutsen gawayi wanda ba a iya auna zafinsa, a bari ya ɗan huce, a shimfiɗa wani ƙyallen auduga a sama tukuna.