Sharhi: Baƙaƙen layukan da ke bayan kwalin kaya

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau a kan baƙaƙen layukan nan ne da ake bugawa a bayan kwalin magani, gwangwanin madara da bangon littafi, wato bakod.

A shekarar 1948, a birnin Filadelfiya na Amurka, wani ɗalibin Cibiyar Fasaha ta Drexel mai suna Bernard Silver ya ji shugaban wani kamfanin manyan kantuna yana neman a samo masa hanyar da na'ura za ta riƙa gane kaya a wajen biyan kuɗi. Ya kai maganar ga abokinsa Norman Joseph Woodland. Tawadar da suka fara gwadawa, mai ƙyalli a ƙarƙashin wani haske na musamman, ta yi tsada kuma tana dushewa. Daga baya, a bakin teku a Miami, Woodland ya tuna da saƙon tangarahu na Morse mai ɗigo da ja, ya ja yatsunsa a cikin rairayi, ɗigo ya zama siririn layi, ja ya zama mai kauri. Sun nemi rajistar ƙirƙirar a 1949, aka ba su a watan Oktoban 1952.

Sai dai dabarar ta riga zamaninta. Na'urar gwajinsu ƙwan lantarki mai wat 500 take amfani da shi, ga girma ga zafi. Ba a ƙera leza, wato na'urar da ke fitar da siririn haske mai ƙarfi, ba sai 1960, ƙaramar kwamfutar da kanti zai iya saye kuwa ba a ma maganarta. Kamfanonin jiragen ƙasa na Amurka sun gwada nasu tsarin mai suna KarTrak daga 1967, amma datti ya riƙa rufe alamomin da ke jikin taragu, ba a kai ƙarshen shekarun 1970 ba aka watsar da shi.

Abin da ya raba gardama tsakanin zanen da'ira da na layuka a tsaye shi ne injin buga takarda. Woodland ya mayar da layukansa da'ira cikin da'ira, don a karanta zanen ta kowace fuska. Kamfanin RCA ya gwada irinsa a wani kantin Kroger da ke Cincinnati a 1972. Matsalar ita ce, idan takarda na gudu a cikin inji tawada kan ɗan zarce ta inda takardar ta nufa, kuma da'ira ba ta da gefen da zai tsira. George Laurer na kamfanin IBM ya fito da layuka a tsaye: in aka jera su yadda takarda ke tafiya, ko tawada ta zarce tsawon layi kawai zai ƙaru, kaurinsa na nan, kuma kaurin ne ke ɗauke da lamba. A watan Afrilun 1973 masu kantuna da masana'antun abinci suka zaɓi tsarinsa, UPC. Ranar 26 ga Yunin 1974, a kantin Marsh da ke garin Troy na jihar Ohio, aka fara sayar da kaya da shi: ƙunshin cingam na Wrigley's, a kan santi 67. Turai ta biyo baya da tsarin EAN mai lambobi 13, wanda yau ƙungiyar GS1 ke kula da shi tare da UPC.

To, me ke cikin layukan? Faɗin zanen an raba shi gida 95 daidai wa daida, kowane gida milimita 0.33 a cikakken girma. Kowace lamba tana cin gida bakwai, cikinsu baƙin layi biyu da farin fili biyu. Akwai layukan iyaka a farko, a tsakiya da ƙarshe. Tsarin lambobin hagu ya bambanta da na dama, shi ya sa ko a kife aka miƙa kaya, na'ura ta san ta inda za ta fara.

Lambar ƙarshe kuwa mai gadi ce. Mu ɗauki misali da 615123456789, lambobi 12 na farko a tsarin EAN. A tara ta ɗaya, ta uku, ta biyar, haka har ta goma sha ɗaya, za a sami 31. A tara sauran shidan, 26, a ninka sau uku, 78. Jimilla 109. Abin da ya rage a cika 110 shi ne 1, don haka 1 za a buga a ƙarshe. In na'ura ta karanta lamba guda ba daidai ba, lissafin ba zai fita ba, sai ta yi shiru maimakon ta kawo kayan da ba shi ba.

Akwai kurakurai biyu da suka yaɗu. Na farko, babu farashi a cikin bakod. Lambar shaida ce kawai, farashin yana cikin kwamfutar kantin, kuma in aka caje ka ba daidai ba, can za a duba. Na biyu, lambobi uku na farko ba sa nuna ƙasar da aka ƙera kaya. 615 na Najeriya ne, 603 na Ghana, amma abin da suke nunawa shi ne ofishin GS1 da kamfani ya yi rajista. Ana iya ƙera kayan a Sin su fito da 615. Littattafai ma nasu daban ne, da 978 ko 979 suke farawa.

Masu ƙananan masana'antu da ke son kayansu su shiga manyan kantuna, a nan ake yawan tuntuɓe. Hasken na'urar leza ja ne, saboda haka jan layi a kan farar takarda ɓacewa yake yi a idonta. Baƙi ko shuɗi mai duhu a kan fari ya fi. Dole a bar farin fili a gefe, gida 11 a hagu da 7 a dama a tsarin EAN, amma mai zana kwali yakan cusa rubutu a wurin don yana ganin asarar wuri ce. Kada a rage girman ƙasa da kashi 80 cikin 100. A kan siririyar kwalba, a kwantar da zanen layukansa su hau kamar matakala, don lanƙwasar kwalbar kada ta ɓoye gefensa. Leda mai sheƙi, naɗin da ya bi ta kan zanen, da takardar da injin ke bugawa da zafi in ta sha rana, duk suna hana karatu. Kuma kowane girma na kaya da lambarsa: kwalbar rabin lita da ta lita ɗaya ba sa tarayya.

A 1994 Masahiro Hara na kamfanin Denso a Japan ya jagoranci ƙirƙiro QR, wani irin bakod mai kusurwa huɗu da ƙananan ɗigogi maimakon layuka, don bin sawun kayan gyaran mota. Yana ɗaukar lambobi har 7,089, kuma a matakinsa mafi ƙarfi ana karanta shi ko kusan kashi 30 cikin 100 ya lalace. GS1 na so kafin ƙarshen 2027 na'urorin kantuna su iya karanta irin waɗannan, don a sa ranar lalacewar kaya da lambar rukunin da aka yi shi.

Amma a kula, ko bakod ko QR, duk mai injin kwafi zai iya maimaita su. Na'ura ta yi ƙara ba hujja ba ce cewa magani na gaske ne. Wannan ne ya sa tun 2010 hukumar NAFDAC ta kawo lambar da ake kankarewa a tura ta saƙon waya, wadda kowane kwali ke da tasa shi kaɗai.